Ranar da Na Ƙi Amsa Gaisuwar Baffa

Ina da shekara goma sha biyar na shiga rukunin yara masu koyon aikin soja a Lyon, a ƙasar Faransa. Kada in yi ƙarya, ba son soja ne ya kai ni ba. Ranar Laraba da yamma ba a makaranta, ita kuwa Inna kullum Laraba take tara mini wanki da guga. Na ga takardar a makaranta, na kai wa Baba, ya sa hannu yana zaton ƙarin darasi ne.

A wani bariki na bayan gari aka ba mu kaki da takalma masu nauyin turmi. Aka koya mana maci, da karatun taswira, da ɗaure rauni, da gudu cikin taɓo. Duk wannan bai dame ni ba. Idona ne ya zame mini matsala.

A Maradi na tashi, a hannun kakata, har na kai shekara goma sha ɗaya. A wurinta yaron da ya kalli babba ido cikin ido ya gama lalacewa, kuma da muciya take koyar da wannan darasi. To, ranar farko da aka jera mu, adjidan ɗinmu, wato sojan da ke horar da mu, wani gajere mai gashin baki da babbar murya, ya zo ya tsaya a gabana. Kafin in ankara kaina ya sunkuya, gwiwata ta fara lanƙwasa da kanta. Shi ma sai ya sunkuya yana duba ƙasa, ya tambaye ni me na yar. Yara suka kwashe da dariya, ni kuwa na ji kamar in nutse.

Ƙarshen shekara za a kai rukuninmu Paris a ajiye furanni a wurin tunawa da sojoji, kuma mutum ɗaya ne zai riƙe tuta. Ina son tutar nan har cikin raina. Adjidan ya ce macina ya fi na kowa, amma ba zai ba da tuta ga mai ƙirga tururuwa ba.

Sai na shiga atisayen ido. A cikin taram, jirgin ƙasan cikin gari, nakan zaɓi mutum in ƙura masa ido har tasha biyu. Wata tsohuwa ta rungume jakarta ta canza kujera. Mahaucin da muke saye a wurinsa a unguwar Guillotière ya goge fuska sau uku, daga baya ya tambaye ni ko wani abu ne ya maƙale masa a haƙori. Ido ya fara tsayuwa, har na manta na shiga da shi gida.

Baba yana mini magana kan sayen burodi, ni kuma na miƙe ƙyam ina kallonsa. Ya dakata.

"Ke, lahiya? Wa kike zare ma ido?"

"Baba, haka aka ce mu yi."

"Can barikinsu. In na ƙara ganin idon nan cikin gidana, ke da kakin kun rabu."

Daga ranar na zama mai ido biyu, ina canza su a bakin ƙofa tare da takalma. Da wahala, amma na samu tutar.

Kuskuren da aka yi shi ne Baba ya kira yayansa a waya, ya gaya masa za mu zo bikin. Baffa yana sayar da shadda a unguwar Château Rouge da ke Paris, kuma a duk danginmu ba wanda ya kai shi tsawon gaisuwa. Idan ya fara, har kajin gida sai ya tambaya.

Ranar bikin aka jera mu tun da hantsi. Adjidan ya ce ko zuma ce ta sauka a hancin mutum, kada ya motsa, kada ya yi magana. Ina gaba da tuta, iyaye suna bayan igiya, taku uku tsakaninmu. Can sai ga Baffa yana ratsa jama'a cikin babbar riga mai sheƙi, Baba na biye da shi, ya zo ya tsaya daidai saitina.

"Ɗiyata, sannu da zuwa. Ina gajiya?"

Na kafe ido a kan hularsa.

"Ina mutanen Lyon?"

Gwiwoyina suna ta roƙona mu durƙusa. Na san idan na amsa, adjidan zai karɓe tutar a gaban kowa. Idan na yi shiru, labari zai riga mu isa Maradi, kuma Baba zai cika alkawarinsa na raba ni da kakin.

"Ke, ba da ke nike ba?"

Sai na ji wata murya ta ce, "Lahiya lau, Yaya. Ba gajiya."

Baba ne. Baffa ya juya ya ce ba shi yake gaisarwa ba.

"Aiki take," in ji Baba. "Yau ni ne bakinta. Ci gaba."

Baffa kuwa ya ci gaba, don ba ya barin gaisuwa a tsakiya. Ina lakwal? Baba ya ce makaranta da godiya. Ina sanyi? Baba ya ce lokacinsa ne. Ina innarki? Baba ya ce tana gaishe ka. Ni kuwa ina nan tsaye ƙyam, tuta ba ta ko girgiza ba.

Da aka sallame mu na miƙa tutar, na tsallake igiya, na durƙusa a kan titi da kakina da komai. Na gaida Baffa tun daga farko, ya amsa yana hura hanci, amma ya amsa. Sannan na matsa gaban Baba, idona a kan takalmansa, ina jiran hukunci.

"Tashi," ya ce. "Ɗago kai in ga sojan nan."

Na ɗago. Tun da nake ban taɓa ganin idon mahaifina da izininsa ba sai ranar. Sun yi ja, sun cika taf da ruwa. Bai jure ba. Ya sunkuyar da kai yana duba ƙasa, kamar shi ne ya yar da wani abu.