Alƙiblar da Na Ba Ba'amurke

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba na jin zai kwashe abin da ya faru tsakanina da wani tsohon Ba'amurke mai zanen gidaje, a shekarata ta farko ta karatu a Madina, yau shekara arba'in da wani abu.

Wani attajiri ne ya tashi gina bene hawa huɗu a unguwar Ƙuba, gidajen haya na masu iyali, ya ɗauko shi ya zana. To, shi ba Musulmi ba ne, ba shi da ikon shiga gari. A Jidda yake zaune, duk wata sai ya zo ya tsaya a wata rumfar shayi can bayan iyakar Harami. Ni kuma in kai masa hotunan gini, in yi tafinta da ɗan Turancin da na zo da shi daga Kano.

Mutum ne mai tambayar tsiya. Ya ce mini da ƙananan gidaje ya fara, na sojojin da suka dawo daga yaƙi, kafin ya koma benaye, kuma bai taɓa zana gida ba sai ya zauna da masu shi ya ga yadda suke ci da kwana. Wannan ne gininsa na ƙarshe, daga shi sai hutu. "Nan an hana ni shiga," in ji shi, "saboda haka kai ne idona." Ai kuwa kaina ya kumbura. Da ya tambaye ni ina muke kallo in za mu yi salla, don ya ji ba a son wanda ya shiga banɗaki ya fuskanci wajen ko ya ba shi baya, ko numfashi ban ja ba na ce, "Gabas." Da shi na tashi a gida, a Madina kuwa sahu kawai nake bi. Shi ma a Jidda gabas yake ganin ana kallo, sai ya rubuta abinsa.

An ɗaga hawa na farko ke nan, wani dattijo mai aikin famfo, Bahaushen Chadi, ya ja ni gefe. "Ya ustaz, zo ka ga musiba! Banɗakunan nan kaf kudu suka kalla, alƙibla sak. Nasaran nan ya ɗauka Jidda muke ne?"

Nan na tuna ni na ce masa gabas, alhali a Madina kudu ake kallo. Kafin la'asar magana ta kai wa mai gida, ya zo yana huci. Bai ko zarge ni ba, wa zai zargi ɗalibin fiƙihu? Ya ce, "Halas, magana ta ƙare! Ranar Alhamis ka je ka ce masa ya tattara takardunsa."

Kwana uku na yi ba zama ba tsayuwa. Matata ta ajiye abinci, in tsakura in tashi. Na shiga aji, malam na bayani ni ina Ƙuba. Na taka daga unguwar Anbariyya har wurin ginin a ƙafa, na zagaya shi na dawo, ban san me na je nema ba. Mafi muni lokacin salla ne: duk sanda na ɗaga hannu zan yi kabbara, sai in tuna kudu nake kallo. Wata zuciyar tana ce mini, wa ya ji ka? Da aikin nan kake riƙe iyali, shi kuwa ƙasarsu zai koma. Na so in bi ta, wallahi na so.

Ranar Alhamis na same shi a rumfar, ya baza takardu yana murna da ganina. Nan na kasa ɓoye masa. Na gaya masa komai, har da saƙon korar. Ya cire tabarau ya ajiye. Can ya ce, "Tashi ka tsaya yadda kake salla." Na tashi, kunya kamar ƙasa ta tsage, mai shayi ya kama kafaɗata ya gyara mini tsayuwa. Tsohon ya dube ni, ya dubi rana, ya ja kibiya a takarda da hannunsa. "Ni ma da laifina," in ji shi. "Mutum ɗaya na tambaya."

Daga can gidan attajirin na wuce, na maimaita masa gaskiyar. Ya bar Ba'amurken, ya sallame ni. Aka fasa siminti, aka juya bututu, gini ya tashi. Mai zanensa bai taɓa ganinsa ba sai a hoto, kuma ba ni na kai hoton ba.

Tun daga ranar na gane cewa abin da ka fi sabawa da shi ne yake kada ka, kuma wanda ya mai da kai idonsa amana ya ba ka. Har yau in baƙo ya tambaye ni alƙibla, ko a falona ne a Kano, sai na ɗan yi jim kafin in nuna. Jikokina dariya suke yi mini, ni kuwa na san abin da na gani.