Yaya Sani da siraran tayoyin Garba mai goro

Damunar nan da muke ciki ita ta cika shekara arba'in da biyar da rasuwar yayana, Malam Sani mai gyaran agogo na bakin tashar Kazaure. Ba na jin akwai da yawa cikin masu karanta wannan shafi da za su tuna shi. Ni ce ƙanwarsa ta ƙarshe da ta rage, ni ma tsufa ya zo, har kamannin fuskarsa sun fara kuɓuce mini. Abin da ya tayar mini da zancensa shi ne, kwanan baya jikana ya miƙo mini wayarsa, ya nuna mini wasu samari a Kano suna tsaye a kan ɗan katako mai ƙananan tayoyi huɗu, suna gudu suna tsalle a kan kwalta. Ya zaci zan yi mamaki. Na ce masa, "Ai a gidanmu aka fara wannan, sai dai mu ba wasa muke yi da shi ba."

Shan inna ne ya cinye wa Yaya ƙafafu tun bai yi wayo ba. Na taso na gan shi yana rarrafe, da takalman itace a hannu, gwiwoyinsa ɗaure da fata. Mahaifinmu ma'aikacin En'e ne, mutum mai tsare gida, ya ce ɗansa ba zai zauna bakin hanya yana miƙa hannu ba. Shi ya sa aka kai shi ya koyi gyaran agogo, daga baya ya haɗa da rediyo. Hannunsa na da kyau, ciniki kuma ya buɗe. Sai dai tsakanin gidanmu da tasha akwai 'yar tafiya, kuma kullum kafin ya isa, rigarsa ta yi buɗu-buɗu, tafin hannunsa ya yi zafi har sai ya jira ya huce kafin ya iya riƙe ƙaramin hantsakinsa.

A bayan teburinsa akwai garejin wani bakanike, Bulus, mutumin ƙasar Filato, wanda ya zo Kazaure tun kafin a sami mulkin kai. Kirista ne, amma shi da Yaya kwano ɗaya suke ci. Wata rana Bulus ya cire tsofaffin boris, zobban ƙarfen nan da taya ke juyawa a kansu, daga wata akori-kura, ya zube su gaban Yaya, ya ce, "Malam, kai da ke sa agogo ya yi tafiya, ka rasa yadda za ka sa kanka ya yi tafiya?" Daga nan keken katako ya samo asali. Faifan katako ne daidai zaman mutum, da sandunan ƙarfe biyu a ƙarƙashi, kowace da boris biyu, ɗaya a kowane baki. Mutum ya zauna ya naɗe ƙafa, ya riƙa tura ƙasa da hannu.

Na farkon bai yi daɗi ba. Boris ƙarfe ne siriri, da ya shiga yashi sai ya nutse, da ya haɗu da tsakuwa sai ya cije, mai shi ya kifa. Kuma ba ya juyawa, sai an ɗaga gabansa an karkata. Yaya ya shekara yana kwancewa yana ɗaurawa. Ni ina tsakar gida ina tankaɗe, shi yana zaure yana ƙwanƙwasa. Ya gane in ya jera boris biyu gefe da gefe, ya yanko tsohuwar tayar mota ya lulluɓe su, tayar ta yi faɗi, tana hawa kan yashi ba ta nutsewa, tana kuma kama ƙasa. Ya gane in ya ƙara wa sandar ƙarfen tsawo, tayoyin suka fito waje, keken ba ya saurin kifewa. Sannan ya daina kafe sandar gaba da ƙusa a jikin katako. Ya huda tsakiya ya sa noti ɗaya, ya cusa guntun roba tsakanin ƙarfe da katako. In ya karkata jikinsa dama, robar ta lotsa, keken ya bi dama. In ya matse notin sai juyawa ta yi wuya amma tafiya ta miƙe. In ya sassauta sai keken ya yi ta lanƙwasa kamar maciji.

Ranar da ya fara zuwa tasha ya dawo da farar riga fara, mahaifiyarmu ta shiga ɗaki ta yi kuka.

Labari ya bazu. Guragu suka riƙa zuwa daga Roni, daga Yankwashi, har daga Kanya Babba, wasu a kan jaki, wasu a goye. Yaya ba ya fara aiki sai ya tambayi mutum inda yake zaune da irin hanyar da yake bi. Mutumin ƙauye mai yashi, a yi masa taya mai faɗi sosai. Mai nauyin jiki, a matse masa noti. Kullum yana gaya musu gaskiya cewa taya mai faɗi tana cin ƙarfin hannu, ba ta gudu, amma ba ta yaudarar mai ita.

Sai kuɗin mai ya shigo ƙasa. Aka gyara hanyar Kano zuwa Daura, kwalta ta kwanta sumul, manyan motoci suka yawaita, tasha ta cika da 'yan talla. A cikinsu akwai Garba mai goro, gurgu ne shi ma, magidanci, bai daɗe da samun ɗan fari ba. Keken da Yaya ya ƙera masa yake hawa, da tiren goro a cinya. Damuwarsa ita ce, da mota ta tsaya, masu ƙafa sun riga shi isa taga, kafin ya turo kansa an gama ciniki.

Ina wurin ranar da ya zo zaurenmu, na kawo wa Yaya abinci. Ya gaishe shi, ya ce, "Malam Sani, so nake ka cire mini robar nan. Ka bar mini boris ɗai-ɗai, tsirara. Ka rage tsawon ƙarfen, hannuna na bugun taya. Notin gaba ma a sassauta."

Yaya ya ce, "Garba, ka san abin da kake nema? Siririn ƙarfe a kan kwalta gudu gare shi, ban musa ba. Amma ba ya kama ƙasa. Ranar da ka so tsayawa, shi bai so ba, ina za ka?"

"Hannuna ne birkina, Malam."

"Hannunka nama ne."

Garba ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Malam, kai sana'arka ita ke zuwa ta same ka a zaune. Ni tawa gudu take yi, sai na bi ta. Jiya da goron da na fita da shi na koma gida. Mai jego na kallona, ina kallon ta."

Bulus ya ce kada a yi. Yaya ya ƙi, Garba ya dawo, ya sake ƙi, ya sake dawowa. A ƙarshe Garba ya ce in ba a yi masa ba zai je ya cire da kansa da guduma. Yaya ya ga in dai za a yi, gara a yi da kyau. Ya yi masa, ya zuba giris, ya ja masa kunne cewa in an yi ruwa kada ya hau kwalta.

Gaskiyar magana, abin ya yi wa Garba amfani. Duk rani yana riga masu ƙafa isa mota. Direbobi suka san shi, fasinjoji suna leƙowa don su ga wucewarsa. Ya yi wa matarsa sabon zane, ya kawo wa Yaya goro fari mai kyau har gida. Na ga Yaya yana murmushi, har ya fara cewa wataƙila shi ne mai yawan tsoro.

Ruwan farko na shekarar ya sauka da hantsi, ɗan yayyafi ne wanda bai ko kwantar da ƙura sosai ba. Amma ya taso da baƙin man da motoci suka zubar duk rani, kwalta ta yi santsi. Akwai 'yar gangara kafin a iso tasha. Garba ya hango motar fasinja ta tsaya a ɗaya gefen, ya turo kansa. Waɗanda suka gani sun ce gaban keken ya fara rawa, ya sa hannu biyu a ƙasa don ya tsaya, tayoyin suka zame a karkace, suka ci gaba da tafiya da shi. Gingimari ce ta taho daga wajen Daura, ɗauke da kaya. Direban ya taka birki, ita ma ta zame.

Yaya yana teburinsa, a gaban idonsa aka yi. Ya turo nasa keken har wurin. Ba a bar shi ya ga gawar ba, an riga an lulluɓe ta da tabarma. Goro ne ya gani warwatse a kan kwalta, mutane suna kewaye shi don kada su taka.

Bayan an share makoki, mahaifin Garba, wani dattijo mai sayar da igiya, ya zo zaurenmu da ƙafarsa. Ya ce, "Malam Sani, na ji an ce ka daina cin abinci. Yaron nan ya gaya mini da bakinsa ka hana shi, shi ya nace. Kwanansa ne ya ƙare. Babu hakkinsa a kanka, duniya da lahira."

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Na gode, Baba. Amma hannuna ne ya kwance notin."

Daga ranar bai ƙara ƙera keke ba. Ya tattara boris da ƙarafa ya mayar wa Bulus. Nasa keken ma ya jingine shi a bayan rumbu, ya koma takalman itace da fatar gwiwa. Bulus ya yi faɗa, ya yi lallashi, liman ya yi nasiha, mahaifiyarmu ta roƙe shi, duk a banza. Yana zuwa aiki, yana salla, yana amsa gaisuwa, amma raha ta ƙare. Ga shi shekaru sun fara ja, rarrafen da ya iya yana saurayi yanzu ya fi ƙarfinsa. Damuna ta same shi yana ratsa taɓo da hannu, tari ya kama shi, bai sake shi ba.

Mutane ba su daina zuwa ba, domin a ƙauye ba a ji ya daina ba. Wadda ta fi tsaya mini a rai wata mata ce daga wani ƙauye a ƙasar Gwiwa. Ƙanenta ya kawo ta a amalanke. Gwiwoyinta duk gyambo ne, ta ɗaure su da tsumma, ƙuda na bin ta. Ta rarrafo har bakin zaure ta ce, "Malam, an ce kai ke ba irinmu ƙafa. Ni ba gudu nake so ba. Rijiya kawai nake so in riƙa zuwa ba tare da na roƙi kowa ba."

Yaya ya ce, "Baiwar Allah, ki yi haƙuri, na bari." Ya sa na ba su tuwo da ruwa, suka juya da rana tsaka.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Yanzu ana bi gida-gida ana ɗiga wa jarirai maganin shan inna, cutar da ta naƙasa shi ta zama labari ga yaran yanzu. Wannan zai yi masa daɗi ƙwarai. Akwai kekunan guragu masu taya uku da ake murzawa da hannu, wasu ma da injin babur. Na san zai sa a kifa masa ɗaya ya leƙa ƙarƙashinsa. Amma hanyar nan tana nan tana cin mutane, ta ma fi da. 'Yan acaɓa na cire madubi da duk abin da suke gani yana rage musu gudu, don su riga juna ɗaukar fasinja. Ba na zagin su. Na ji abin da Garba ya faɗa a zaure, na san yunwa ce ke sa mutum ya zaɓi gudu ya bar riƙo. Samarin cikin wayar jikana kuwa, ina jin da Yaya ya gan su ba tsallen zai kalla ba. Zai tambaya ne, wa ya ɗaura musu tayoyin, kuma ya gaya musu abin da za su yi ranar da aka yi ruwa?

Shekaru da yawa ina auna abin nan, ban gama ba. Mutum ɗaya ya mutu a kan keken da Yaya ya gyara, bayan ya hana shi har ya gaji. Mutane da yawa kuma sun ci gaba da jan gwiwa a ƙasa saboda ya ajiye aikin. Ban isa in ce ya yi kuskure ba, ba ni na ga abin da ya gani ba. Amma ba zan yi wa masu karatu ƙarya in ce barin da ya yi alheri ne ba. Tausayinsa ne ya sa ya fara, tausayin nan ne kuma ya karya shi. Bai bar ɗa ba, bai bar gida ba. Bulus ya koma garinsu ya rasu can. Kabarin Yaya ma na daina gane shi, maƙabartar ta cika ta haɗe.

Yaya ya yi shekara biyu yana jinya kafin ya cika. Ranar ƙarshe da ya iya magana, ina ba shi kunu da safe, ya kawar da kai daga ludayin. Na zaci wasiyya zai yi, ko ya ambaci Garba. Sai ya ce, "Binta, matar nan ta Gwiwa. Ko ta samu wanda ya yi mata?"

Na ce, "Ban sani ba, Yaya."

Ya rufe ido. Ko sunanta ba mu tambaya ba.

Har yau ban sani ba. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya yi wa Malam Sani addu'a, ya haɗa da Garba mai goro. In da sauran wuri a addu'ar, ya sa da ita.