Ni da Kazar Maɗori

A Ajingi aka karya ni, wata Juma'a da la'asar, ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba. Mu 'yan Gaya ne muka je musu wasan ƙwallo a filin firamare. Dama bai kamata in buga ba, domin wani kamfanin saƙa a Kano ya riga ya ɗauke ni cikin ƙungiyarsa: aiki da safe, ƙwallo da yamma, har da takalmi za su ba ni. Sun ce in zo bayan Babbar Sallah. Amma ni a lokacin ba a gaya mini magana. Na rantse sai na yi wa 'yan Ajingi bankwana da ƙwallo uku.

Ɗaya kawai na ci. Ina neman ta biyu wani ƙaton mai tsaron bayansu, wanda wallahi garma ta fi dacewa da shi, ya sako mini ƙafa a ƙwauri. Na ji ƙas, kamar an karya karan dawa. Da na duba sai na ga ƙafar hagu ta lanƙwashe a inda babu gaɓa.

Hedimasta ya ce a wuce da ni asibiti Kano. Baba ya ce sam, can yanke ƙafa suke yi. Aka kai ni gida Gaya a bayan mota, aka ɗauko wani tsohon maɗori daga Toranke. Kafin ya taɓa ni ya sa aka kamo jar kaza, ya karya mata ƙafar hagu, ya ɗaure da tsinke. Sannan maza huɗu suka danne ni, ya ja ƙafata, ya shafe ta da man shanu, ya jera kara ya ɗaure, ya yi tofi. Ban san na iya zagi haka ba sai ranar. Da zai tafi ya ce yadda ƙashin kazar ke kamawa, haka nawa yake kamawa.

"Ran da ta taka, kai ma ka taka," in ji shi. "Kada ka riga ta."

Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kama sunana, ba ta kuma shigowa ɗakin da nake kwance, sai dai ta aiko da kunu. Duk jinyar da kunya ta hana ta yi mini, kazar ta yi wa. Tana kife da ita a kwando bayan rumbu, tana ba ta tsaki da ruwa, kullum da hantsi ta fito da ita tsakar gida inda zan hango ta ta ƙofa. Ni kuwa ba ni da aiki sai kallon kaza da lissafin Sallah. Na yi wa ƙannena masifa, na jefi ɗaya da kwano. Tsoro ne ya cika ni, don na san kamfani ba zai jira gurgu ba.

Akwai kwana biyu da ba a fito da kazar ba. Na tambaya, aka ce rana ta yi yawa. Da ta dawo sai na ga ta yi kuzari, tana tsattsagar tsinken da baki. Ba a cika sati uku da ɗorin ba ta miƙe ta bi fara da gudu. Murna ta kama ni, na ƙwala wa ƙanena kira ya miƙo sanda. Inna na bakin murhu ta ce a ƙyale tukuna, a jira mai ɗori ya zo. Na ce ai shi ya faɗa da bakinsa. Na dafa bango na sauke nauyina a kan ƙafar.

Ta sake karyewa a wurin, wannan karon ƙashi ya huda fata. Sai da aka kai ni asibitin da ake gudu. Ba su yanke ba, amma na fito ƙafar ta gajarce ta karkace. Kamfani ya ɗauki wani. Ni kuma wani kawuna ya samar mini aikin rubuta wasiƙu a ofishin hakimi, shekara da shekaru ina tsine wa maɗorin nan duk inda na zauna.

Bayan shekara shida, muna ɓarar gyaɗa da rana a tsakar gida, ni da Inna kaɗai, lokacin ciwo ya fara cin ta, sai ta yi magana ba tare da ta kalle ni ba. Ta ce kazar ta mutu ne a kwana na tara. Ta ji tsoron in na sani zan fid da rai, sai ta aika aka sayo mai kama da ita a kasuwa, ta ɗaura mata tsinken. Ta kama ƙafar za ta karya, hannunta ya ƙi.

"Ka yafe mini," ta ce.

Na daɗe ina murza ɓawon gyaɗa, sannan na ce, "Allah ya yafe mana gaba ɗaya."

Ta gyaɗa kai ta ci gaba da ɓara. Ta san ba abin da ta roƙa ke nan ba, ni ma na sani. Na ce a raina in na huce zan faɗa mata. Da damina ta rasu, ban huce ba.