Bajon Baba a Gwangwanin Madara

Unguwar Satwa, Dubai, biyar da kwata

Ina sallame sallar asuba Bitrus ya danna hon a ƙasan benenmu. Mutumin Kafanchan ne, gyaran esi yake yi, kuma shi kaɗai ya yarda ya ɓata Asabar ɗinsa a kaina.

Bajon Baba ne ya fitar da ni. Baba ya yi yaƙin Bama, har ya rasu yana cikin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta garinmu. Ko sadakar arba'in ba a yi ba Yaya Sale ya sayar wa dillali akwatinsa, har da bajon ƙungiyar. Shekara shida ina ɗaurin kaya a kasuwar Deira, nan Dubai, ina tambayar 'yan Kano masu fito da tsofaffin tarkace, kafin wani ya ce akwai dattijo a garin Hatta mai tara irinsu.

Hanya

Kilomita ɗari da talatin ne. Shida da rabi muka tsaya gidan mai, shayin karak dirhami biyu, bai kai namu na Tudun Wada can gida ba. Daga nan rairayi ya ƙare, duwatsu suka fara.

"Malam Iro, saki fuska mana, ba jana'iza za mu ba," in ji Bitrus.

Na ce masa wanda ya sayi mai ba ya dariya.

Hatta, takwas saura

Dattijon ya tarbe mu da gahawa da dabino, sannan ya buɗe ɗakin. Huluna, bel, bigila, tutocin ƙungiyoyin tsofaffin sojoji na Indiya da Kenya da namu, duk cikin gilas. Bitrus ke fassara, ni Turancina na tasha ne. Ya ce kada in taɓa komai, wai baƙin da ƙarfe ya yi shi ne darajarsa, wanda ya goge ya kashe shi.

Awa guda ina leƙe, babu. Har na sa takalmi, sai baƙin ciki ya sa na ce ai na Baba ba zai yi baƙi ba, duk Juma'a da toka da lemon tsami yake dirje shi, har zanen ya shafe.

Dattijon ya dafe kai. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo gwangwanin madara, inda yake zuba waɗanda gogewa ta lalata. Na zazzage a kan darduma. Ga shi nan, sumul kamar tsohon kwabo, da baƙin zaren da Inna ta ɗaure allurarsa.

Na zaro walat, ya ture hannuna.

"Khalas, shi ke nan, ɗauka. Ba mai sayen wannan."

Na so in ji haushi. Bajon ubana ne ba mai saye? Sai na tuna, da a ce akwai mai saye, da tuni bajon ya bar ƙasar.

Gida

Mun ci shinkafa a gefen dam, muka kamo hanya, biyu da minti goma muna Satwa. Toka wahala take a Dubai, sai da na roƙi mai gashin kaza na layinmu. Na yanka lemo, na zauna bakin gado na dirje shi yadda Baba ke yi.

Alhamdu lillahi da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Bitrus, Allah ya saka maka, dattijon Hatta ma haka. Yaya Sale kuwa hoton kawai na tura masa, ban rubuta komai ba.