Inuwa a Ƙarƙashin Fiffike

Wilfred Cupido ya yi shekara talatin da ɗaya yana raba wasiƙu a unguwarmu, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce shi mai ɗaukar hoton jirage ne. Jiragen ma ba masu kai mutane Johannesburg ba, tsofaffin jiragen yaƙi da suka daina tashi, masu ɗigar mai kamar injin markaɗe. Babu gidan adana su a ƙasar nan da bai taka ba. Hutunsa na shekara a jirgin ƙasa yake ƙarewa, jakar kyamara a cinya, burodi da soyayyen kifi a takarda. Bai taɓa aure ba. Mun sha tsokanarsa cewa ai ya yi, amaryar ce dai take da farfela.

A rumfarmu na san shi. Mu 'yan sa-kai ne, mu goma sha biyu, duk Asabar muna haɗuwa a wata tsohuwar rumfar jirage a gefen Cape Town, muna tayar da wani jirgi ƙirar Harvard da aka tsinto a gona, kaji har sun yi ƙwai a kujerar matuƙi. Ni ɗinki na yi a masana'antar tufafi ta Salt River, don haka aka ba ni ɗinke yadin da ake lulluɓe jelarsa da shi. Inji kuwa na Oom Isak Fortuin ne (Oom, wato kawu), tsohon makanike mai karkatacciyar kafaɗar dama, saboda daɗewa yana ɗaukar akwatin kayan aiki a hannu ɗaya.

Wilfred yana da doka, kuma ba shi kaɗai ba, duk 'yan ƙungiyarsu ta masu hoton jirage haka suke. Hoto sai ya fito tsaf: ba tsani, ba bokiti, ba mutum, lambar da ke jikin jirgin kuma ta karantu. Wanda ɗan Adam ya shiga cikinsa, a wurinsu ya lalace, mujallarsu ma ba ta karɓa. Da ya ɗaga kyamara sai ya fara kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda.

"Oom Isak, ɗan matsa kaɗan."

"Ni na haɗa shi ƙusa-ƙusa, kai ka zo da ɗan akwatinka kana kora ta kamar kaza," in ji Oom Isak. Amma yana faɗa yana matsawa, ya koma jikin bango da tsumma a hannu yana jira. Mu ma haka. Dariya abin yake ba mu, wannan ne yanzu yake ci mini rai.

Shekara goma sha bakwai muka yi kafin injin ya tashi. Ranar aka turo jirgin waje, rana tsaka, ya yi tari, ya fesa hayaƙi, sannan ya kama ruri har kwanon rumfar yana rawa. Oom Isak yana tsaye kusa da fiffike. Wilfred ya kaɗa hannu ya gaji, ƙara ba ta bari a ji shi ba, dole ya ɗauka a haka. Asabar ta gaba ya zo da hoton a firam, babu kowa a ciki. Ya ce ya goge Oom Isak a kwamfuta, kuma yana faɗa ne da alfahari. Muka ce lallai shi boka ne, muka rataye hoton kusa da butar shayi.

Oom Isak ya rasu a watan Yuni, cikin ruwa da sanyi. Matarsa, Antie Magrieta, wadda ba ta taɓa taka rumfar ba, ta zo ranar Asabar da lema a hannu. Ta ce tana son hotonsa tare da jirgin, a sa a bangon takardar jana'iza da za a raba a coci. Wanda take da shi na katin shaida ne, ya ɗaure fuska kamar wanda aka kama. Ta ce shekara goma sha bakwai ba ta ci abincin rana da shi ran Asabar ba, tana so mutane su ga inda yake zuwa. Mai buga takardar ya ba ta zuwa Laraba.

Wilfred ya ce ta kwantar da hankalinta, yana da hoto sama da dubu arba'in.

Ranar Talata na je ɗakinsa in taya shi nema, na tarar idonsa ya yi ja. Akwatuna har rufi, kowanne da lambar jirgi a jiki, ba sunan mutum ko ɗaya. Mun sami takalmin Oom Isak a gefen wani hoto, mun sami gwiwar hannunsa a wani, mun sami kofin shayinsa a kan taya. Na ce to na ranar da inji ya tashi fa, ai akwai na asali. Ya ce da ya gama gogewa, a kan na asalin ya ajiye sabon a kwamfuta, na asalin ya tafi ke nan.

Ban raga masa ba. Na ce ƙarfe ya fi masa mutum, na ce abin da ya fi wannan ma. Sai a motar haya na tuna ni ma na yi shekaru da waya mai kyamara a aljihun rigar aikina, ban taɓa ɗaga ta ba, don a zatona ai muna da mai hoto.

Laraba da safe muka ciro hoton nan na kusa da butar shayi, muka kai gidan Antie Magrieta. Wilfred ya faɗa mata gaskiya duka a tsaye, hula a hannu. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallo. Can ta ɗora yatsa a ƙasan fiffike. Wilfred ya goge mutum, amma ya manta da inuwarsa, ga ta nan kwance a kan kwalta, kafaɗa ɗaya a karkace, hannu biyu a sama.

"Shi ne," ta ce. "Ga kafaɗar."

"Shi ne, Antie."

"Ban taɓa ganin ya ɗaga hannu haka ba, ko a coci. Wilfred, ɗana, kai da kake kallonsa, dariya yake yi ko kuka?"

Wilfred ya juya hular a hannunsa. Ya dube ni, ni kuwa ranar ina can bayan jela ina duba ko ɗinkina zai riƙe.

"Ban sani ba, Antie," ya ce. "Lambar jirgin nake kallo."