Yauƙin da Hajara Take Zubarwa

Duk wanda ya taɓa sayen kayan ciki a mayankar Jalingo ya san Hajara mai wankin hanji. Ubanta mahauci ne daga Zariya. A unguwar Majidaɗi aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan mijin ya rasu ya bar mata 'ya tilo, Fadila. Tun tana budurwa sana'arta ke nan: ta juya hanji, ta kankare yauƙin cikinsa da gishiri da lemun tsami, ta watsar a lambatu. Masu cin farfesu su suɗe kwano tas, amma in ta shiga keke Napep su toshe hanci. Halin mutane ke nan.

Bara ciwon ciki ya sa Fadila a gaba. Murɗa, bahaya da jini, yarinyar da ke ɗinki a shago ta rame har zobe na zame mata. Nan da nan kowa ya zama likita. Wannan ya ce basir, wancan ya ce sammu, wata gwaggo da ko sannu ba ta taɓa kawowa ba ta ce ai ƙazantar sana'ar uwar ce ta bi 'yar. Sai da aka sha jiƙe-jiƙe aka gaji sannan aka je asibiti.

Likitar, Dokta Patricia, ta zaunar da Hajara. "Mama, a cikin hanjin mutum akwai yauƙi, shi ke kare shi daga ƙwayoyin cuta. Na Fadila ya zaizaye, hanjin ya yi gyambo. Ta riƙe maganin nan, kada ta tsallake." Don ta kwantar mata da hankali, sai ta ƙara da cewa a wasu ƙasashe masu bincike suna haɗa irin yauƙin a ɗakin gwaje-gwaje, suna nazarin yadda cuta ke huda shi.

Maganar nan ce ta hana Hajara sukuni. Yauƙi? Abin da take zubarwa daro-daro? Ga maganin asibiti yana tafiyar hawainiya, jinin ya ragu amma bai tsaya ba. Duk sanda Fadila ta ɗauki buta, sai uwar ta bi ta da ido.

Wata safiya ta zaɓi hanjin rago lafiyayye, ta tara yauƙinsa a kwano mai murfi, ta tura ƙarƙashin tebur. Keziah, abokiyar aikinta, ta gani.

"Maman Fadila, kare kika fara kiwo?"

"Ja bakinki. Su can sai sun sa inji, ni Allah ya kawo min shi har hannu. A kunu zan dama wa Fadila. In ya shiga ya liƙe, ta huta da haɗiyar ƙwayoyin nan."

"Kai! Yarinya za ki ba wannan? Je ki tambayi likita. In ta ce eh, ni zan tara miki na saniya ma. In kin ba ta a ɓoye, wallahi zan faɗa mata."

Haka Hajara ta zauna a bencin asibiti da kwano cikin leda, ƙudaje na binta, mutane na matsawa gefe. Da layi ya zo kanta, likita ta buɗe murfin, ta mayar da sauri.

"Kin ba ta?"

"Ban ba ta ba tukuna."

"Maganin fa?"

Hajara ta sunkuyar da kai. "Na ce ta dakata, kada su haɗu a ciki."

"Mama! Wannan ɗanyensa cuta ce zalla. In kin dafa, ciki zai narkar da shi kamar kowane abinci. Na masu binciken ma don nazari ne, ba a ba marar lafiya."

"To yaushe za a fara bayarwa?"

"Ban sani ba, Mama."

A lambatun bakin asibiti ta juye kwanon. Ta tsayar da keke, tana ta ce wa direba ya yi sauri. A gida ta ɓallo ƙwayar da hannunta, ta tsura wa maƙogwaron Fadila ido har ta ga ta wuce.

Har yau Hajara tana mayanka, tana kankarar yauƙi tana zubarwa, sai dai yanzu takan kalle shi kafin ta watsar. Kullum kafin ta fita takan tsaya a bakin bayi.

"Fadila, da jini?"

Wata rana a ce babu. Wata rana a yi shiru.