Taku Ɗari da Arba'in

Babu wanda bai haddace labarin Baba Mai Rijiya ba a layin nan, har kurman da ke guga a ƙarshen layi ya iya ba da shi da hannu. Shekara arba'in ya yi yana haƙa wa mutane rijiya, amma da rami ɗaya yake taƙama, wanda ko ɗigon ruwa bai taɓa bayarwa ba. Yana ɗan shekara talatin masu fim suka zo yin fim ɗin yaƙi a filin bayan tashar jirgin ƙasa, suka sa shi ya haƙa dogon rami iya ƙirji, ya jera masa dutse. Sojojin ƙarya suka kwanta ciki suna ta mutuwar ƙarya. Shi ko ƙeyarsa ba ta fito a fim ɗin ba, amma Janar ake ce masa, yana kuwa amsawa har da gyara hula.

Bara kansa ya fara yi masa wasa. Ya fita sayen sabulu, aka tsince shi a bakin asibiti yana tambayar hanyar gida. Ya ɗora ruwa a risho ya manta, har butar ta huje. Babbar 'yarsa, wadda take nas a wani gari, ta zo da jaka biyu babu komai a ciki, ta ce tafiya za ta yi da shi gidanta, a bene hawa na uku. Ya ce daga ɗakin da ya gina da hannunsa sai dai a fitar da gawarsa.

Ana cikin wannan ja-in-ja sai ga wata mata mai kyamara, tana yawo da tsofaffin hotunan fim ɗin, tana neman wuraren da aka ɗauke su. Filin tuni ya zama shaguna. Duk wanda ta tambaya sai ya turo ta wurin Janar, wasu don taimako, wasu don su sha kallo.

Ya ce mata shi ba ya aiki da hoto. Daga ƙafar tankin ruwan tasha, ka ba shi baya, taku ɗari da arba'in, kana bakin ramin. Da ƙafarsa ya auna ranar da ya fara sara. Sannan ya juya wurin 'yarsa.

“Uwata, in na nuna ramin nan, kin yarda kaina ƙalau yake? Za ki bar ni a ɗakina?”

“Baba, nuna mata tukuna.”

Ya ɗauka ta yarda ke nan.

Da hantsi aka fita, rabin layi na biye. Tankin yana nan, ya yi tsatsa. Baba ya jingina bayansa da ƙarfen ya fara ƙirga da ƙarfi, bai tsallake ko lamba ɗaya ba. Ɗari da arba'in ta sauke shi a rumfar mai faci, gab da bahon da ake tsoma tayoyi. Mai facin ya ce shekara ashirin yana wurin, da kansa ya haƙa ramin shara, bai ga dutse ba balle soja. Aka yi dariya. Mai kyamara ta ɗaga hotonta: a hoton tankin can nesa yake, ɗan mitsitsi, ga shi yanzu kamar ya faɗo musu a ka.

Baba ya koma ya sake. Wannan karon ko rumfar bai kai ba.

Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa kafin ya gane. Lissafin daidai ne. Wanda ya yi awon saurayi ne mai ƙafa kamar tsani, wanda ya zo nema kuwa jan silifa yake yi. Ya buɗe ƙafa zai yi takun dā, a na huɗu gwiwa ta ce ba da ita ba, aka zaunar da shi kan taya.

Ya roƙi mai facin, da yake dogo ne, ya taka masa. Mutumin ya ajiye guduma ya taka, sai da ya kai ɗari da goma sha biyu bangon wani katafaren sito ya tare shi. Ragowar takun suna ciki, ƙarƙashin siminti da buhuna har rufi. Mai gadin siton ya ce ko leƙe ba a yi sai da takarda.

“Yana ciki,” in ji Baba. “A fasa wuri kaɗan, za a ga dutsen.”

“To, Baba,” 'yar ta ce, da muryar da take lallashin marasa lafiya.

Mai kyamara ta ɗauki hoton bangon, ta yi godiya sosai, ta tafi.

Kwana biyu bayan nan mota ta tsaya a ƙofar gida. Bai yi gardama ba, ya dai ce a ba shi makullin ɗakin ya riƙe. 'Yar ta ce zai ɓatar, ta jefa a jakarta. Maƙwabta suka fito sallama, ranar babu wanda bakinsa ya iya cewa Janar. Shi kuma yana kujerar baya da jaka a cinya, yana tambayar direba ko hawa na ukun nan matakala nawa ne.